Jirgi a cikin ruwa, amma yana ƙuna: abin da ni da ɗalibaina muka gano a tabkin Madarunfa

Minti 4 kacal jirgin ya yi yana yanka ruwa, sai ya tsaya cik a tsakiyar tabkin Madarunfa. Yaron da ke riƙe da rimot ya danna, ya sake dannawa, shiru kake ji. Ya juyo ya dube ni, ido ya raina fata, ya ce: "Mushe, wallahi ban yi mishi komi ba." Sai da muka roƙi wani dattijo masunci ya tura kwalekwalensa ya ɗauko mana shi. Da na ɓare salatif na ɗaga murfin, wani wari ya bugi hancina, irin na wayar wuta idan ta fara narkewa. Na kai yatsa kan injin, na janye babu shiri. Batirin kuwa ya tasa kamar fanke a cikin mai.

Dattijon ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya girgiza kai ya ce: "Malam, abin da ke cikin ruwa kuma shi yi zahi haka? Mi ya kai wuta cikin tabki?"

Ban iya ba shi amsa ba a ranar. Makonni biyar muka ɗauka ni da yaran kafin mu same ta, kuma ita ce na ga ya dace in rubuta, domin irin waɗannan kayan wasa masu batiri sun fara yawa a hannun yaranmu, kuma akasari ƙarshensu ɗaya ne: su yi zafi, su ƙone, a jefar.

Yadda jirgin ya zo hannunmu

Ina koyarwa a wata makaranta a Maraɗi, kuma ina da ƴar ƙungiyar ɗalibai 12 masu son ƙere-ƙere da muke haɗuwa ranar Asabar. Mahaifin ɗaya daga cikinsu, ɗan kasuwa ne mai zuwa ƙasar Sin, shi ya kawo mana jirgin kyauta. Tsawonsa bai kai rabin mita ba, amma gudunsa ya fi na keke nesa ba kusa ba. Kowane yaro yana zuba dala ashirin a mako, da su muke biyan kuɗin mota zuwa tabkin, wanda ke kudu da gari, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Mun kuma yi wa iyaye alkawarin za mu nuna musu aikinmu kafin babban hutu.

Ranar da jirgin ya tsaya, kuɗin asusunmu kaf bai wuce na batiri ɗaya ba. Idan inji ya ƙone ko akwatin da ke sarrafa shi ya tafi, babu shagon da za ka shiga a garin nan ka ce a ba ka irinsa. Sai an yi saƙo, a jira. Saboda haka babu damar gwajin "bari mu gani". Dole mu san abin da ya faru kafin mu sake jefa shi ruwa.

Wasan nan ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa daga nesa ba tare da waya ba, a dandalin Madison Square Garden da ke birnin New York a Amurka. A 1959 aka kafa NAVIGA, ƙungiyar duniya ta masu gasar ƙananan jiragen ruwa, kuma har yau manyan mutane masu gemu suna tsere da su a Turai da Asiya. Sai dai su ruwansu mai sanyi ne, kayan gyara kuma a ƙofar gida. Mu namu gwajin a watan Afrilu muka yi shi, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

Daga ina zafin yake fitowa?

Abubuwa uku ne ke aiki a cikin jirgin. Akwai batiri, irin wanda ake kira LiPo. Namu mai ɗaki uku ne, kowane ɗaki volt 3.7, jimilla 11.1. Akwai akwatin sarrafa gudu, wanda masu sana'ar ke kira ESC, shi ke karɓar umarnin rimot ya auna wa inji wutar da zai sha. Sai injin kansa, wanda ke juya wata igiyar ƙarfe mai lanƙwasa, ita kuma ta juya farfela a bayan jirgi. A jikin injinmu an rubuta 2700 KV, ma'ana kowane volt ɗaya yana ba shi juyi 2,700 a minti idan babu kaya a kansa. Ka ninka da 11.1, ka ga juyi kusan 30,000 a minti ɗaya.

Duk inda wuta ta bi ta waya, sai wani kaso nata ya zama zafi. Baturen Ingila James Prescott Joule ne ya auna wannan tun wajen 1840, ya gano cewa zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar: idan wutar da ke gudana ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, idan ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Na karanta wannan a aji, na rubuta shi a jarrabawa, amma sai da ya ƙona mini yatsa na san nauyinsa.

Motar wasa ko jirgin sama na wasa suna shan iska suna hucewa. Jirgin ruwa kuwa rufe shi ake yi ruf, a bi bakin murfin da salatif don kada ruwa ya shiga. Cikinsa ya zama kamar mota da aka bari a rana an ɗaga gilasai. Shi ya sa aka yi masa dabarar sanyaya da ruwa. A jikin ƴar wutsiyar ƙarfen da ke juya jirgin akwai wani ƙaramin rami. Idan jirgi yana gudu, ruwa ya kutsa ta ramin, ya bi siririn tiyo na roba, ya ratsa akwatin sarrafa gudu, ya zagaye rigar da aka sa wa inji, sannan ya fita ta gefen jirgi. Babu famfo a ciki, gudun ne kawai ke tura ruwan. Dabarar tana da ƙarfi, domin lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai iska lita kusan 3,500 za ta ɗauka.

Wanda muka fara tuhuma

Hankalin kowa ya tafi kan ruwan sanyayar, kuma ba mu yi kuskure ba da muka fara da shi. Na tambayi yaran ko wani ya ga ruwa yana tsartuwa ta gefen jirgin ranar da ya tsaya. Babu wanda ya lura. Kowa gudu yake kallo.

Muka samo sirinji, muka cika shi da ruwa mai tsabta, muka tura ta bakin mafita. Da ƙyar ya motsa. Da muka matsa, sai ga wani ɗan curin laka da gansakuka ya faɗo daga ramin wutsiya. A bazara ruwan tabkin yana ja baya, ya yi kauri, kuma mu a bakin gaɓa muke sakin jirgin, inda shanu suka dama taɓo. Muka kuma tarar tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashin batiri, saboda wani ya tura batirin baya ya danne shi. Muka yanke wurin, muka sake shimfiɗa shi, muka ɗaure bakunansa da zare.

Yara suka yi ta murna, an kama ɓarawo. Ni ma na saki jiki. Muka sayi sabon batiri da ɗan abin da ke asusu, na ƙara daga aljihuna, muka koma tabki. Wannan karon na tafi da na'urar auna zafi ta makaranta, irin wadda ake haska wa goshi lokacin korona, domin tamu tana da maɓallin auna jikin kaya. Na ce minti 2 kawai za a yi a dawo. Ruwa yana tsartuwa ta gefe gwanin sha'awa. Jirgi ya dawo, muka buɗe da sauri muka auna: inji ya haura digiri 70, akwatin sarrafa gudu yana biye da shi, har wayoyi da batiri sun yi ɗumi sosai. A minti 2 fa!

Nan na gane cewa toshewar tiyo ƙari ce kawai a kan ciwo. Akwai wani abu da ke sa injin shan wutar da ta fi ƙarfinsa.

Na biyu da muka tuhuma ita ce igiyar farfela. Muka cire batiri, muka juya farfela da yatsa, muka ji tana ɗan cijewa. Da muka zaro igiyar, ta bushe ƙayau har ta fara tsatsa, domin tun da jirgin ya zo ba wanda ya taɓa sa mata giris. A gindin farfela kuma zaren masunta ya naɗe, siriri, ba ka ganinsa sai ka sa farce. Muka wanke, muka shafa giris, muka mayar, muka bar ƴar tazara ta milimita biyu zuwa uku a ƙarshenta, saboda irin wannan igiya tana ɗan tsukewa idan ta ɗauki kaya, in babu tazara sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Zafin ya ragu, amma kaɗan.

Littafin da ya tona asiri

A ƙungiyar akwai wata yarinya da na ɗora wa rubuta duk abin da muka yi: rana, tsawon lokacin gudu, da adadin wutar da caja ta mayar wa batiri. Maza suna yi mata dariya wai ita sakatariya. Ran nan muna zaune a aji mun yi jugum, sai ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, da can jirgin ga minti bakwai yake yi. Tun ranar da aka canza mishi farfela ya koma huɗu."

Gabana ya faɗi, domin ni na canza ta. A cikin kwalin jirgin an haɗo da wasu farfeloli a leda. Wadda ta zo a jikinsa faɗinta milimita 32 ne. Yara suka matsa mini suna son ƙarin gudu, na duba na ga wata mai milimita 36, na ce a raina milimita 4 me za ta yi? Na ɗaura. Jirgin ya ƙara gudu kuwa, aka yi ta shewa, na koma gida ina jin kaina injiniya.

Muka hau allo. Batirinmu mai 2,200 ne a ma'aunin mAh, kuma abin da caja ke mayarwa bayan kowane gudu wajen 1,760 ne, wato kashi 80 cikin 100. Idan ka shanye wannan a minti 7, matsakaicin abin da kake ja ampa 15 ne. Idan ka shanye shi a minti 4, ampa 26 ne. A bisa ƙa'idar Joule, daga 15 zuwa 26 zafin da ke tashi a wayoyi ya ninka uku. Akwatin sarrafa gudunmu kuma an rubuta masa ampa 30. Idan matsakaici 26 ne, to lokacin tashi da lokacin shan kwana ya wuce 30 ba shakka.

Me ya sa milimita 4 ta yi wannan ɓarna? Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma ƙarfin da farfela ke nema yana hauhawa da faɗinta ne a ninke har sau biyar. Ka raba 36 da 32, ka sami 1.125. Ka ninka shi da kansa sau biyar, ka sami 1.8. Wato kaya ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100. Lissafin allo da littafin yarinyar suka zo daidai, kamar an gwada. Na ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan ina ta yi masa fifita.

Na faɗa wa yaran a fili cewa laifin nawa ne. Wanda ke riƙe da rimot ranar, wanda ya yi makonni yana jin kunyar ƴan uwansa, ya sauke ajiyar zuciya. Na kuma gaya musu cewa abin da ya tsayar da jirgin a tsakiyar ruwa shi ne ya cece shi: akwatunan sarrafa gudu da yawa suna yanke wuta da kansu idan zafi ya wuce iyaka. Da bai yanke ba, da injin ne zai biya. A cikinsa akwai maganaɗisu mai ƙarfi na neodimiyam, kuma na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa idan ya wuce digiri 80, rashin da ba ya dawowa. Injin da maganaɗisunsa ya raunana ƙara shan wuta yake yi don ya yi aikin da, ya ƙara zafi, ya ƙara rauni, har ya mutu.

Muka mayar da farfela mai 32. Gudu ya koma minti 7, inji ya tsaya ƙasa da digiri 60. Wannan ya tabbatar mana maganaɗisun ya sha da ƙyar.

Wurin da ya yi zafi shi ke nuna mai laifi

Ga abin da muka rubuta a bangon ajinmu, ga duk wanda yake da irin wannan jirgi.

Auna da zarar jirgi ya tsaya, kada ka tsaya hira. In babu na'ura, yatsa ya isa: abin da ba za ka iya riƙewa daƙiƙa 5 ba ya kai wajen digiri 60, kuma nan ne ya kamata ka dakata. Ka fara da gudun minti 1, ka auna, sannan minti 2, haka har ka san halinsa.

Idan inji da akwati da batiri duk sun yi zafi tare, kaya ne ya yi yawa. Duba farfela, duba zare ko ciyawa ko leda a gindinta, duba igiya. Duba kuma yadda jirgi ke zama a ruwa: in batiri ya matsa gaba da yawa, hanci zai nutse, cikin jirgi ya manne wa ruwa, inji ya yi ta nishi. Ruwan da ya ɗiga ciki ma nauyi ne.

Idan akwatin sarrafa gudu ne kaɗai ya yi zafi, duba tiyo da ramin wutsiya. Ka sani kuma cewa tafiya a hankali ba hutu ba ce ga jirgin tsere. A rabin gudu akwatin yana ta kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, ruwan sanyaya kuma ba ya shigowa da ƙarfi. Yaranmu masu tsoro, masu lallaɓa rimot, su suka fi dafa shi.

Idan batiri ne kaɗai, ko ya tsufa ne ko ƙarfinsa bai kai abin da inji ke nema ba. Idan mahaɗar waya ce ta fi ko'ina zafi, likin dalma ne ya saki ko bakin ya yi sako-sako. Mai gyaran rediyo zai gyara maka a minti biyar. Idan bututun da igiya ke ciki ne ya yi zafi, giris ne babu, ko inji da igiya ba su miƙe a layi ɗaya ba.

Babbar doka: abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. Mu da mun canza komai a rana ɗaya, da har yau tiyo muke zargi.

Sai abin da yanayinmu ya ƙara mana. Wanda ya fara gudu da inji mai digiri 20 yana da sarari mai yawa kafin ya kai 60. Mu da tsakar rana jirgin da aka ajiye a rana ya riga ya ci rabin hanyar tun bai taɓa ruwa ba. Yanzu da sassafe muke zuwa, mu ajiye kaya a inuwa murfi a buɗe, mu ba shi hutun minti 15 tsakanin gudu da gudu, mu kuma wanke tiyo da sirinji kafin mu tashi.

Maganar batiri ba wasa ba ce

Iyaye, a nan nake roƙon ku saurara. Batirin LiPo da ya kumbura ya gama aiki. Kada a yi masa caji, kada a danna shi, kada a huda shi da ƙusa don "iska ta fita", domin wuta yake kamawa, wutar da ke da wuyar kashewa. Kada kuma a jefa shi a bola, tunda bolarmu wuta ake cinna mata. Namu a waje muka ajiye shi cikin bokitin yashi, muka jona masa ƙaramin ƙwan fitilar babur har ya zuƙe wutar ƙarƙaf.

Kowane ɗaki na batirin volt 4.2 ne iyakar cikarsa, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3 ba. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen 3.8. Ba a yi masa caji yana da zafi, ba a yi a kan katifa ko tabarma, ba a barin sa a tafi masallaci ko a kwanta barci. Mu a cikin tukunyar ƙasa muke sa shi, a tsakar gida, babba yana kusa.

Doka ta ƙarshe ita ce wadda ba na sassauci a kanta: jirgi in ya tsaya a tsakiyar ruwa, babu yaron da zai shiga iyo ya ɗauko. Ga nutsewa, ga tsargiya da ke cikin ruwan da ba ya gudu. A nemi mai kwalekwale, a ba shi na goro. Babu jirgin wasan da ya kai ran ɗan mutum.

A farkon watan Yuni muka cika alkawari. Iyaye bakwai suka zo bakin tabki, har da alhajin da ya kawo jirgin. Yarinyar littafi ce ta yi bayani, da allon kwali a hannunta, tana nuna musu yadda 15 ta zama 26. Jirgi ya yi zagayensa na minti 6 ya dawo, muka buɗe, kowa ya taɓa injin da yatsa.

Dattijon masuncin nan yana gefe yana gyaran komarsa. Na je na gaishe shi na ce: "Baba, na zo da amsar tambayarka. Kaya muka ɗora masa fiye da ƙarfinsa." Ya yi dariya ya ce: "Ai Malam, da ka tambaye ni tun ranar. Kwalekwale ma in ka cika shi, mai tuƙi ne ke yin zuhwa."

Farfela mai 36 tana nan rataye da zare a saman allonmu. Yara sun ce kada a jefar da ita.